Ranar da Kwaɓi Ya Tsage ta Hagu

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya, akwai wani ɗan lungu wanda in mata biyu masu jiki suka shiga, dole ɗaya ta riƙe numfashi. Nan ne shagon Mai Kwaɓi. Kujera ɗaya gare ta, mai jingina irin ta masu aski, ta sha duniya har soso ya leƙo ta gefe. Sai bencin masu jira, da ƙaramin firji mai gurnani kamar tsohon da ya ƙoshi, da madubai manya da ƙanana. A kan tebur kuwa ga farin yumɓu da take tankaɗewa da hannunta, ga zuma, ga garin shinkafa, ga man zaitun da man kaɗe, ga kokwamba, ga kiret ɗin ƙwai. Baƙo in ya leƙa sai ya zaci wurin karin kumallo ne. An taɓa yin wani bawan Allah da ya shigo ya zauna ya ce a soya masa biyu, kar a cika gishiri.

Sana'arta ɗaga abin da ya zubo. Matan da kumatunsu suka fara sauka gaida wuya, da waɗanda haɓarsu ta yi ƙanwa, da waɗanda suka tashi wata safiya suka tarar da uwarsu a madubi tana harararsu, duk nan suke zuwa. Kowacce ta shigo sai ta ce wucewa take yi ta ce bari ta leƙo. Ba a taɓa samun wadda ta zo da niyya ba. Titin nan dai Allah ya yi shi da masu wucewa.

Ita kuwa ba ta yi wa kowa ƙarya. "Ni ba na mayar da kaka budurwa," haka take gaya musu tun kafin su ajiye jaka. "Ɗaure kayan nake yi su kai ki inda za ki, su dawo da ke. Gobe kuma kowa ya koma mazauninsa." In 'yan mata suka zo suna nuna mata hotunan kwalabe a waya, wannan mai kolajin, wancan mai bitamin kaza, sai ta sa tabarau ta duba da kyau. "Wasu suna aiki, ba na musu, 'yata ma tana sayar da su a kantin magani. Amma ke da fuskarki take kamar ɗanyen tumatir, me za ki ɗaga? Tashi ki ba uwarki wuri."

Aikin nata yana da tsari. Za ta wanke fuska, ta bi ta da ƙanƙara a ƙulle cikin tsumma mai tsabta, sannan ta ɗiga mai a tafin hannu ta kama murza da gaɓoɓin yatsu, daga haɓa zuwa kunne, daga gefen hanci zuwa gefen ido. Kullum sama take ja. "Ƙasa tana da mai ja mata, ba ta buƙatar taimakona." Daga nan sai kwaɓin da ya ba ta suna: yumɓu, da farin ƙwai da ta kaɗa har ya yi kumfa, da ɗan garin shinkafa, da zuma kaɗan don kar ya ja fata da mugunta. Ta shafe fuska da burushi, ta bar ido da baki. Sai doka ta hau. Har kwaɓin ya bushe ba magana, ba tauna cingam, ba amsa waya, uwa uba ba dariya. Duk inda fuska ta motsa, nan yake tsagewa, in kuwa ya tsage, a wurin Mai Kwaɓi aiki ya ɓaci.

Matsalar ɗaya ce, kuma a bakin mai dokar take. Allah ya yi matar nan da baki kamar famfon da ya lalace. Ta shafe miki fuska, ta kafa miki doka, sannan ta juya ta fara ba ta kan benci labarin yadda tela maƙwabcinta ya ɗinka wa wani ƙato wando, ƙafa ɗaya ta kai ƙasa ɗaya ta tsaya a gwiwa, ya kuma rantse ƙafafun mutumin ne ba daidai ba. Ke da ke kwance ki cije leɓe, ki tuno duk wanda ya taɓa ɓata miki rai, a banza. Sai ki ji ɓas! Ita kuma ta juyo ta riƙe ƙugu. "To, madalla! Kin fasa min aiki. Wa ya ce ki saurara? Da ke nake?"

A hankali har ta iya karatun tsaga. Mai gulma a gefen baki take tsagewa. Mai yawan hararar miji, tsakanin gira. Wata shugabar makaranta kuwa ba ta taɓa tsagewa ba sai a goshi, saboda ɗaga girar da take yi wa duniya gaba ɗaya.

Ba gadon sana'ar ta yi ba. Tana budurwa a gidan burodi take aiki, ɓangaren kek, kuma aikinta fasa ƙwai. Akwai wani kek da gwaiduwa kawai yake so, farin sai a tara a bokiti. Wata rana ya bushe mata a bayan hannu, ta ga fatar ta ɗame kamar an ja ta da zare. Yarinya mai ƙarambani, washegari ta shafe fuskarta tas da shi, ta zauna bayan buhunan fulawa tana jiran ikon Allah.

A daidai lokacin aka kira wani saurayi mai gyaran keke ya duba keken da ake kai burodi da shi. Dogo, siriri, mai tsare gida, magana sai an ciro ta da ƙugiya. Ya gan ta ya gaishe ta. Ita kuwa fuska ta ɗame, baki ya ƙi buɗuwa, sai ta sunkuyar da kai ta ɗaga masa hannu. Ya tambaye ta inda keken yake, ta nuna da yatsa. Ya gama aikinsa yana satar kallonta, ko tari ba ta yi ba. Ya koma gida ya gaya wa yayarsa ya ga matar aure: fuska sumul tana sheƙi, ga kunya, ga shiru, irin wadda mutum zai dawo daga aiki ya huta a gabanta.

Shiru! Ita! Da ta gane abin da ya burge shi, sai ta daure ta riƙe bakinta duk tsawon neman auren, wahalar da ta ce ko naƙuda ba ta kai ta ba. Sati bai cika da aure ba ya gane ƙwai ya aura. Shekara talatin da ɗoriya yana gaya wa duk wanda ya zauna a rumfarsa cewa kaza ce ta cuce shi. Ita kuma ta ce ai bai tambaya ba.

Mai Keke ba ya hira, ba ya waƙa, dariyarsa kuwa akwai jikokinsa da ba su taɓa ganin ta ba. Abu ɗaya yake yi da bakinsa ban da cin abinci: fito. Yana ɗaure sarƙa yana fito, yana faci yana fito. Kuma kullum in rana ta yi sanyi zai rufe rumfarsa da ke can ƙarshen titi, ya turo kekensa yana wani fito da shi ya ƙirƙiro abinsa, mai hawa sau biyu ya sauko kamar tambaya. Tun daga kwanar mai jarida take jiyo shi, da ta ji kuwa sai ta fara rufe kwalabe. Ba ta taɓa rataya agogo a shagon ba. In ya iso ba zai ce komai ba, ya karɓi jakarta ya rataya a hannun keke, su taka zuwa gida, ita tana zuba shi yana turawa. Duk titin sun san fiton nan. Tela ma da shi yake tashi daga aiki.

Wata safiya ya ɗauki kofin shayi ya kurɓa, shayin ya biyo gefen bakinsa ya sauka a riga. Ta buɗe baki za ta yi masa tsiya, sai ta dubi fuskarsa, tsiyar ta maƙale. Ɓarin hagu ya sauka gaba ɗaya. Gira ta faɗo, ido ya ƙi rufuwa, baki ya karkace kamar hoton da aka rataya da ƙusa ɗaya. Ita da ta tsufa tana kallon fuskoki suna zubowa a hankali, ba ta taɓa ganin wadda ta zube tashi ɗaya ba.

Autarsu, mai aiki a kantin magani, ita ta kwashe su zuwa asibiti. Likita ya duba hannu da ƙafa, ya ce su kwantar da hankali, ba shanyewar jiki ba ce, jijiyar fuska ce ta sami matsala, kuma yawanci takan dawo in an yi haƙuri. Ya ba da ƙwayoyi da maganin ɗigawa a ido. Ya ce in an kwana biyu a riƙa zama gaban madubi ana motsa fuskar: a ɗaga gira, a kumbura kumatu, a tsuke baki, a yi murmushi. Mai Kwaɓi tana wurin, amma kunnenta ya tsaya a kan "ba shanyewar jiki ba ce", sauran duk ya bi iska. Dama ita ba ta taɓa sauraron zance har ƙarshensa ba, tana can tana shirya amsa.

Ƙwayoyi ya sha, ido ya ɗiga. Madubi ne ya ce bai san zancen ba. Da suka dawo gida ya leƙa na ɗaki sau ɗaya, ya juya shi ya fuskanci bango, ya bi na banɗaki ya lulluɓe da tawul. Sannan ya tsuke baki zai yi fito, sai iska ta fita ta gefe, fuuu, kamar tayar da ƙusa ta huda. Daga ranar bai sake gwadawa ba, bai kuma sake taka ƙofar gida ba. Rumfa ta zauna a kulle, kekunan mutane a ciki ƙafa sama. Abokai suka zo dubiya, ya ce a ce yana barci. "Ba zan fita yara su riƙa nuna ni ba," in ji shi, maganar tana fita kamar bakinsa cike da ruwa.

Ita ta ci gaba da zuwa shago, tana ba da labari ana tsagewa, amma in yamma ta yi sai ta rasa abin yi. Ta goge kwalbar da ta riga ta goge. Tela ya yi ɗinki har ya gaji, ya leƙo ya ce, "Maƙwabciya, yau ma mu za mu tashi kanmu?" Ta ce masa ya je ya auna ƙafafun mutane. Amma a hanya, jaka a kafaɗarta, ba wanda take yi wa surutu, ta san abin da take tsoro. Ba karkacewar bakin ba ce, ita da ta ga baki iri-iri. Tsoronta kar mutumin nan ya saba da ɗaki, ya zauna ke nan, ta ƙare rayuwarta tana tashi daga aiki ba wanda ya zo ɗaukarta.

To me ta iya? Abin da ta iya shi ta yi. Ran nan ta kwaso yumɓu da ƙwai da burushi ta dire a tsakar falo.

"Baban Auta, kwanta."

"Me za ki yi min?"

"Abin da nake yi wa waɗanda suka fi ka kyau. Kumatun da suka fi naka nauyi ma na ɗaga."

Mutumin da kullum yake cewa sana'arta ɓarnar abinci ce, sai ga shi ya miƙe a doguwar kujera ba musu. Ta murza, ta ja sama, ta shafe shi fari fat, ta kauce wa idon nan da nisa, ta karanta masa doka. Kuma wannan karon, da yake abin ya zo gida, har ita ta kama bakinta. Kowace safiya kafin ta tafi shago haka suke yi, tsit, sai ƙarar fanka.

Ba ta taɓa samun kwastoma irinsa ba. Dokar ta zauna masa daidai: an rufe fuskar da ba ya so a gani, an kuma hana shi motsa ta. In kwaɓin ya bushe, ɓarin dama yakan yi 'yan layuka wajen ido saboda ƙiftawa. Ɓarin hagu kuwa sumul, kamar bayan faranti. Aikin da ta yi shekaru tana roƙon mata su bar mata shi haka, ga shi ta samu, amma duk ranar da ta kalle shi sai ta kau da kai.

Ana haka Auta ta biyo wata safiya da sabon maganin ido. Ta turo ƙofa ta ga ubanta a miƙe fari fat, uwarta a gefe ta yi tagumi. Ta saki salati, jaka ta faɗi.

"Shiii! Yana bushewa."

"Umma! Na ɗauka ai... Kai! Mene ne wannan?"

"Aiki nake. Kar ki sa shi magana."

"Kar in sa shi magana? Baba, kana yin abin da likita ya ce? Gaban madubi?"

Baba ya rufe idon da ke rufuwa.

"Wane madubi?" in ji Mai Kwaɓi.

"Umma, kina zaune a wurin fa! Cewa aka yi ya riƙa motsa fuskar, ya ɗaga gira, ya tsuke baki, ya yi murmushi. Ke kuma kin zo kin zuba masa siminti kin ce kar ya motsa!"

"Siminti? Simintin nan ne ya raine ki har kika yi bakin gaya min magana, mara kunya."

"Na sani, Umma, Allah ya saka. Amma ba fatarsa ce ta saki ba, jijiya ce. Ko kajin duniya za su taru su yi miki ƙwai, ba zai kai can ba."

Mai Kwaɓi ta juya kan mijinta. "Kai kuma ka ji likita da kunnenka, ka yi lamo kana ta cinye min ƙwai?"

Ta cikin kwaɓi, ta gefen baki, ya ce, "Ke kika ce ba magana."

Rabon da a rufe mata baki haka, tun tana bayan buhunan fulawa.

Ta wuni a shago abin yana cin ta. Madubi dai ba zai kalla ba, ta san taurin kansa, da shi ta tsufa. Can wata mai gulma da ke kan kujera ta tsage a gefen baki kamar kullum. Mai Kwaɓi ta ɗaga hannu za ta fara faɗa, sai ta tsaya da hannun a sama. Duk inda fuska ta motsa, nan yake tsagewa. Ashe madubin yana cikin kwanonta. Kwaɓi ba zai warkar da shi ba, yarinyar ta yi gaskiya, amma zai tona abin da ke gudana a ƙarƙashinsa. Ta ce wa matar, "Allah ya yi miki albarka." Matar ta tsorata, don ba ta taɓa fasa aiki an sa mata albarka ba.

Washegari ta shafe shi, ta jira ya fara bushewa, ta ce an soke doka. Sannan ta buɗe famfo. Ta ba shi na tela da wando. Ta ba shi na mutumin da ya ce a soya masa biyu. Ta kwaikwayi tafiyar shugabar makaranta, ta kwaikwayi yayarsa in tana amsa waya. Labaran da suka wargaza fuskokin manyan mata, mutumin nan sai ya kafa wa silin ido. Kwana da kwanaki ana haka. Jikinsa ya riga ya saba da labaranta, kamar ma'aikacin gidan burodi da ƙamshi.

Ranar da abin ya faru ma ba da niyya ta yi ba. Labarai sun ƙare, ta gaji, ta tashi tana tattara kwanuka. Gidan ya yi mata shiru da yawa. Ba ta san lokacin da ta turo baki ta nemi fiton nan nasa ba, mai hawa biyu ya sauko. Matar da ta iya komai da baki, ashe wannan ɗaya ba ta iya ba. Abin da ya fito iska ce da yawu, da wata 'yar ƙara a ƙarshe kamar an taka ɗan tsako.

"Mene ne haka?" in ji murya daga doguwar kujera.

"Fitonka nake yi."

"Nawa? Allah ya kiyaye. Wannan ba nawa ba ne."

"Naka ne mana. Tunda mai shi ya ajiye, ai sai magada su ɗauka." Ta sake turo baki. Wannan karon yawun har kan tebur.

"Ke, dakata! Ba hura wuta ake yi ba. Harshe a bayan haƙoran ƙasa. Ki tara leɓe, ki bar 'yar ƙofa kamar ta bawul."

"Kamar ta me?"

"Bawul! Inda ake ba taya iska. Shekara nawa kina auren mai keke?"

"Haka?" Ta kumbura kumatu, ido ya fito, ta yi kama da kwaɗon da aka ɓata wa rai.

"Ba haka ba! Duba nan."

Ya tashi zaune, fari kamar fatalwa, ya tattaro leɓensa da duk ƙarfinsa yana nuna mata. Ɓarin dama ya taho, na hagu yana jan ƙafa. Ya sake. Ya kuma sakewa. Duk abin da likita ya roƙa, Auta ta yi faɗa a kai, ga shi yana yi don kar a wulaƙanta masa fito. Ita kuma ta dage ta zuƙi iska ta busa da iyakar gaskiyarta, sai haƙorinta na roba, na gaba, wanda take ɓoye wa duk titin, ya yi tsalle ya faɗa kwanon kwaɓi, tsulum.

Mai Keke ya dubi kwanon. Ya dubi giɓin. Wani abu ya taso masa tun daga ciki, ya yi ta maza ya danne, ya ƙi dannuwa. Dariyar da ya tara shekara da shekaru ta ɓalle. Yana dukan kujera, hawaye na bin yumɓu, farin gari na zuba a cinyarsa. Ɓarin dama ya wargaje kamar ƙasar da ta daɗe ba ta ga ruwa ba.

Ita ba ta dariya. Ta ma manta da haƙorin. Ta kama haɓarsa ta juya shi wajen taga.

"Tsaya, kar ka motsa. A'a, motsa! Sake yi!"

Daga gefen bakinsa na hagu wata 'yar tsaga siririya kamar gashi ta tashi, ta nufi kunci, ta tsaya a rabin hanya. Ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Duk tsagar da Mai Kwaɓi ta taɓa gani a duniya, ba ta ga mai kyan wannan ba.

"Baban Auta, ya tsage."

"Kullum ma yana tsagewa."

"Ta hagu."

Ta kamo yatsansa, mai kaushi irin na masu ɗaure noti, ta ɗora a wurin, ta bi da shi a hankali daga baki zuwa kunci. Ya bi ya dawo, ya sake bi. Can, ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "Ina ƙaramin madubin nan naki?"

Ta kawo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ki ciro haƙorinki kafin ya bushe a ciki, kar gobe ki manna wa matar mutane shi a goshi."

Daga ranar aka juyo madubin ɗaki ya dubi mutane, aka sauke tawul. Kowace safiya ya zauna ya yi aikin likita, ita tana gefe wai tana koyon fito, kuma har yau ba ta iya ba, wasu ma na cewa da gangan. Kwaɓi kuwa sai jefi-jefi, don a ga inda aka kwana. Tsagar ta yi tsawo, ta yi 'ya'ya, ta haura wajen ido. Auta ta ce magani ne da lokaci da motsa fuska. Uwarta ta ce ba ta musa ba, amma a riƙa tunawa da wadda ta ba da haƙori. Fita dai bai yi ba. Ita kuma ta ƙi tambaya, abin da a wurinta ya fi ɗaukar buhun fulawa wuya.

Wata yamma shagon ya cika. Shugabar makaranta a kan kujera, mata biyu a benci, duk an shafe su suna bushewa, don akwai taron da kowacce take so ta fi 'yar'uwarta ɗamewa. Mai Kwaɓi tana tsakiyar ja musu kunne, sai ta tsaya. Keken ɗinkin tela ma ya tsaya.

Daga wajen kwanar mai jarida wani abu yake tahowa. Ya yi hawan farko lafiya. A na biyu ya zame, ya yi gefe, ya fita da iska kamar butar shayi ta fara tafasa. Ya yi shiru, ya sake ɗaukowa daga farko.

Tela ya leƙo da almakashi a hannu. "Maƙwabciya, ko dai kunnena ne?"

Mai Kwaɓi ta fara rufe kwalabe, ta ɗora murfin zuma a kan man zaitun.

Mai Keke ya iso yana tura kekensa, ya sha aski, baki da ɗan saura a karkace, kamar mai shirin faɗin mugunta. Ya leƙa ya ga fararen fuskoki sun zuba masa ido. Ya gaishe su cikin ladabi. Ba wadda ta amsa, doka ta hana, sai suka sunkuyar da kai suka ɗaga masa hannu.

Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya girgiza kai. "Haka aka yi min. Wallahi haka aka yi min. Bayin Allah, in da mai shirin aure a cikinku, ta gaya wa mutumin gaskiya tun yanzu."

Ɓas! Ɓas! Ɓas! Har shugabar makaranta, kuma ba a goshi ba, a baki, tun daga kunne har kunne.

Mai Kwaɓi ta riƙe ƙugu tana kallon aikinta yana zuba ƙasa kamar fulawa. "Ka ga abin da ka yi ko? Kana kwance ina roƙonka ka fasa ɗaya ka ƙi, yau ka fito ka fasa min shago guda."

"Sai ki sake kwaɓawa."

"Da ƙwan wa? Wanda ka cinye?"

Ya miƙa hannu ya karɓi jakarta ya rataya a hannun keke. Ta nuna wa matan bokitin ruwa da tawul, ta ce gobe su dawo da sassafe ta sake musu. Ta miƙa wa tela makulli ta ce in sun gama ya rufe, kar kuma ya auna kowa. Suka kama hanya, ita tana zuba shi yana turawa. Da suka kai kwanar mai jarida ya sake ɗauko fiton, ya kuma zamewa a hawa na biyu.

"Harshe a bayan haƙoran ƙasa," in ji ta. "Ka bar 'yar ƙofa kamar ta bawul. Shekara nawa kana gyaran keke?"